Saura Gwaji Ɗaya a Wayar Baba

Tun ina saurayi nake da rigima da masu shirya fina-finan waje a kan maganar makulli. A gidan kallon da muke zuwa a Kwanar Dangora ranar kasuwa, wani ɗakin kwano mai benci-benci da zafin tsiya, kusan duk fim ɗin da aka saka sai an zo wurin nan: jarumi ya iso gaban wata ƙofar ƙarfe, ana neman kalmar sirri, kuma sau uku kawai aka yarda ya gwada. Ya danna ta farko, jar wuta ta kama. Ya danna ta biyu, wata muryar mace ta sanar da shi saura ɗaya, in ya kuskure ginin zai tashi da kowa da kowa. Sai mai fassara ya hau ihu, gumi ya karyo wa jarumi, ya rufe ido ya danna. Ƙofa ta buɗe. Kullum a ta uku. Ban taɓa ganin wanda ya dace a ta biyu ya hutar da mu ba.

Ni kuwa daga bencin baya nake ɗaga murya ina cewa ƙarya ne. Wane mahaukaci ne zai gina gida, ya sa masa makullin da zai tashi gidan don kawai mai shi ya yi mantuwa? Ni da na san kaina, kafin in sha koko da safe ko sunan unguwarmu sai na yi tunani. An sha kora ta waje saboda wannan bakin nawa.

Sai da furfura ta fito mini a gemu, ina koyarwa a Tudun Wada, sannan na gane inda ƙaryar take. Makullin akwai shi, na riƙe shi da hannuna. Abin da masu fim suke ɓoyewa shi ne dangi. Jaruminsu shi kaɗai yake tsayawa a gaban ƙofa, ba shi da baffa ko ɗaya.

Babanmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Badafi, mai ɗan karatun yaƙi da jahilci da taurin kai mai yawa. Duk rayuwarsa bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Ba haramci yake kawowa ba, cewa yake shi ba ɓarawo ba ne, ba kuma ɗan takara ba, don me za a ajiye fuskarsa? Hoton katin zaɓensa kuwa baƙi ne ƙirin, hula kawai ake gani. Inna ta taɓa juya shi sama da ƙasa, ta ce ita dai ba ta san wannan bawan Allah ba.

Ƙanwata ce ta saya masa babbar waya, irin ta shafawa, bayan an zare masa ƙaramar daga aljihu a kasuwa. Haushin satar bai sake shi ba, don haka ya tafi wajen mai waya ya ce a sa masa makullin da ya fi kowanne mugunta. Mai waya ya nuna masa wanda ake rubuta kalma, ya ƙara da cewa akwai wani tsari: in aka yi kuskure sau goma, wayar za ta goge duk abin da ke cikinta. Baba ya ce yauwa, shi nake so, ɓarawo ya tashi da fanko. Kalmar kuwa shi ya rubuta abinsa, bai gaya wa kowa ba.

Abin da bai sani ba har ya koma ga Allah shi ne, duk lokacin da ya tashi kunna fitilar wayar sai ya fara taɓa wurin hoto, wayar ta ɗauke shi. Ƙanwata ta gani wata rana da ya miƙa mata ta nemo masa lamba. Kafin ta tura wa kanta ya fizge abarsa. Ta gaya wa Inna, suka yi dariyarsu a kicin, suka rufe maganar, don in ya ji sai ya sa an goge.

Ya rasu bayan an cire masara, jinyar ba ta yi tsawo ba. Muna dawowa daga maƙabarta ƙanwata ta ja ni gefe, ta ce Inna ta ce a kula da wayar nan. Ban buƙaci ƙarin bayani ba. In ba a cikinta ba, babu fuskar Baba a ko'ina a duniya.

Matsalar ita ce wayar ta riga ta isa zaure, tana hannun Baffa babba, yayan Baba. Niyyarsa mai kyau ce: akwai tsofaffin abokan marigayi a Doguwa da can gaba da ba su ji rasuwar ba, lambobinsu kuma suna ciki. Na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla, cewa gwaji goma ne kacal, daga nan komai ya tafi. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, har na fara murna.

"To ai tunda ƙayyadadde ne," in ji shi, "sai a bi a hankali. A fara daga babba."

Haka aka mayar da gwaji goman nan kamar naman suna, kowa da kasonsa gwargwadon shekarunsa. Abin takaicin kuma, idonsu duk ya yi rauni, ni ne mai dannawa. Da hannuna.

Baffa ya ce in rubuta bisimilla, don ƙaninsa ba ya fara komai sai da ita. Na rubuta, ta ƙi. Ya ce to ai bai yi niyya sosai ba, wannan ba ya cikin lissafi. Na ce Baffa, wayar ta lissafa. Ya ce in rubuta sunan marigayi. Shi ma ya ƙi. Liman ya karɓa ya yi mata tofi har sai da na goge gilashin da bakin rigata, sannan ya ba da sunan wata sura. Baffa ƙarami, wanda ya yi aikin haƙar kuza a Riruwai shekara da shekaru, kuma tun daga nan yake ganin ba ƙarfen da ya gagare shi, ya ce duk an yi ta zagaye, mutum manomi me zai sa in ba masara ba? Kawu, ƙanin Inna, da farko ya ce shi ba ruwansa, amma da ya ga za a tsallake shi sai ya gyara zama ya ce ko dangin uwa ba mutane ba ne? Shi ma aka danna masa nasa.

Wayar ma ta gaji da mu. Bayan 'yan kura-kurai sai ta fara cewa a jira, jiran kuma kullum ƙaruwa yake. Wannan bai dame su ba ko kaɗan. A ajiye ta a tsakiyar tabarma, a amsa gaisuwa, a ci gumba, a tuna yadda marigayi ya taɓa korar mai maganin gargajiya da fartanya, lokaci ya cika a ce ina yaron nan, zo ka danna. Yaron nan ni ne, da furfurata da ɗalibaina. Sau biyu Inna tana aiko ƙanwata a ba ta wayar, Baffa yana cewa a gaya mata ta kwantar da hankalinta, da an buɗe za a kawo. Mai takaba ba a ɗora mata irin wannan wahalar. Ba wanda ya yi tunanin tambayarta ko ta san wani abu, har ni, tunda ko harafi ɗaya ba ta karantawa.

Ranar sadakar uku wani baƙo da ya zo ta'aziyya daga Bebeji ya ɗauke ta zai duba lokaci, ya ga wurin rubutu, ya ɗan taɓa nasa shi ma don neman lada. Da na karɓa na duba, sai na ga abin da ya rage. Saura ɗaya. Baffa ƙarami ya miƙo hannu, ya ce tunda masara ta ƙi, to dawa ce, ba makawa.

Ban san lokacin da na cusa ta a aljihu na miƙe ba.

"Kai! A gaban manya?" in ji Baffa babba.

"A gafarce ni, Baffa," na ce, ina tafiya ina cewa a gafarce ni har na shige cikin gida. Ina jin Kawu a bayana yana cewa boko ke nan.

Inna tana ɗakinta a kan tabarma, ta lulluɓa, carbi a hannu. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gefe tana ɓantarar goro, ƙanwata tana bakin ƙofa. Na durƙusa.

"Inna, saura ɗaya."

"Na ji. Ai na aika a kawo, aka ce ta manya ce."

"Kin san abin da ya sa?"

Ta ja mayafi ta ƙara rufe goshi. "Suna ne."

"Sunan wa?"

Ta kalli bango. "Ka san akwai sunan da ba ya fita a bakina."

"Ai an gwada na Baba, ya ƙi."

"To," ta ce, ta ci gaba da jan carbi.

Na tsaya ina jiran sauran magana. Gwaggo ta tofar da ɓawon goro ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai dai wannan karatun naka asara ne. Sunaye nawa ne uwarka ba ta faɗa a duniya?"

Biyu ne. A wajenmu mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa da uba kuma ba sa kiran sunan ɗan fari, kunya ce da aka gada. Ni ne ɗan fari. Amma Baba ya kai tasa kunyar inda ba wanda ya kai. Ni "kai" ne, ko "wancan", in yana cikin raha kuma "malamin bokon nan". Ina zaune a gabansa zai ce wa ƙanwata ta gaya wa yayanta gobe akwai noma. In baƙo mai irin sunana ya zo, sai ya yini yana ce masa bawan Allah. Na girma ina kare shi a gaban abokai ina cewa al'ada ce, a raina kuwa na daɗe da yanke cewa mutumin nan kawai ban kwanta masa ba.

Saboda haka ban yarda ba. Na ce, "Inna, da bakinsa ya gaya miki?"

"Da wane bakin? Ranar da ya dawo da ita daga wajen mai waya na tambaye shi. Ya ce abin da ya sa, ba wanda zai zaci zai taɓa shi. Na ce na wancan ne? Sai ya ce in kawo masa ruwan alwala."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana."

"Inna, wannan ai ba hujja ba ce. In ba shi ba ne fa, hotunan sun tafi."

"Ni na zauna da shi, ba kai ba. In aka kama shi, ruwan alwala yake nema. Rubuta."

Tsoro na ji, tsoro na gaske. Fuskar mijinta ce a hannuna, ta kuma jingina ta a kan butar alwala. Ban rufe ido ba, don in na rufe ba zan ga haruffan ba. Na rubuta sunana a hankali kamar mai koyon rubutu, na duba, na sake dubawa. Gwaggo ta ce in ba zan danna ba in ba ta ta danna. Na danna.

Ta buɗe, shiru, ko ƙara ba ta yi ba.

Ƙanwata ta karɓa ta shiga wurin hotuna. Rufin ɗaki ne ya fi yawa, sai babban yatsa, sai reshen darbejiya. Can sai ga hanci, ƙato, ya cika gilashin. Gwaggo ta ce wallahi hancin gidanmu ne, ta fashe da kuka da goro a baki. Daga nan sai ga shi gaba ɗaya, an ɗauko shi daga ƙasa, hula ta karkace, ya haɗe gira yana harar wayar don ta ƙi ba shi fitila. Inna ta karɓa da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

"Haka yake kallon mutum," ta ce.

Ni hankalina ba a kan hoton yake ba. Lissafi nake yi na mutumin da ke buɗe waya da asuba don jin labarai, ya buɗe a gona, ya buɗe in an kira, ya buɗe don fitila, kullum da wannan kaurin yatsan nasa yana bin haruffan sunana ɗaya bayan ɗaya. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji wani daɗi da ban taɓa ji ba, abin ya haɗu ya zama kuka a gaban mata. Gwaggo ta ce in yi a hankali kada a ji a zaure a ce wani ne kuma ya mutu.

Muna cikin haka gilashin ya yi duhu a hannun Inna, wayar ta sake kulle kanta. Na share fuska na ce ta kawo in cire makullin gaba ɗaya, in kwafe wa Baffa lambobinsa, gobe kuma in je Kwanar Dangora a wanko hotunan.

"Ka kwafe, ka wanko," in ji ta. "Makulli kuwa a bar shi yadda ya bar shi."

"To wa zai riƙa buɗe miki in na koma Tudun Wada?"

Ta nuna ƙanwata da haɓa. "Za ta nuna mini wuraren da ake taɓawa. Ai ba faɗa zan yi ba."

Na ce Inna, abin nan fa ba ya yafiya, in kika yi ta kuskure gogewa zai yi. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"A wannan sunan zan yi kuskure? Kafin a raɗa maka shi a kunne ni aka fara gaya wa." Ta miƙa wa ƙanwata wayar, ta gyara zama. "Tashi ka ba mu wuri, ba a gabanka zan koya ba."