Ranar da Na Koma Kan Foklif Ba Tare da Barci Ba

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma watannin da barci ya yi mini yaji ba za su taɓa fita daga raina ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina tuƙa motar ɗaga kaya, wadda muke kira foklif, a wani sito da ke unguwar Khumra a Jidda. Abin ya faro ne bayan azumi. Duk wanda ya san Jidda ya san yadda Ramadan ke mayar da dare rana, kasuwa har asuba, aiki har asuba. Aka yi salla, kowa ya koma daidai, ni kuwa nawa barcin ya ƙi dawowa. Da farko na ɗauka wasa ne. Kafin in ankara, tun daga la'asar gabana yake fara faɗuwa, don na san dare na tafe. In na kwanta sai in yi ta ɗaga waya ina lissafin abin da ya rage kafin kiran salla. Da rana kuma ba ni da aiki sai binciken jikina: kaina ya yi nauyi ne, hannuna rawa yake, idona ya yi ja?

Wannan binciken ne ya kusa jawo mini abin da ba zan iya ɗauka ba. Wata safiya ina ja da baya da kaya, na duba madubi, amma maimakon in kalli bayana sai na tsaya kallon jan idona. Ihu kawai na ji. Na taka birki, ƙarfen bayan motar ya tsaya yana shafar rigar mai gadin ƙofa, wani dattijo Bahaushe sa'an mahaifina. Bai yi faɗa ba. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ya waladi, ɗana, da ka bari na aurar da autata tukuna." Aka yi dariya, ban da ni.

Mudir, wato shugaban siton, ya sauke ni daga motar ya mayar da ni ɗaurin kwali. Ya ce zai ba ni ɗan lokaci sannan ya gwada ni, idan bai gamsu ba, halas, wato aikina ya ƙare ke nan. Ni haifaffen Jidda ne, ban taɓa taka Najeriya ba, amma iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take, ta matata da ta yara kuma a jikin tawa suke rataye. Wannan tunanin ya kori ɗan barcin da ya rage mini.

Na je wani ƙaramin asibiti a unguwar Waziriyya, na yi sa'a likitan mutumin Katsina ne. Ƙwaya na roƙe shi. Ya ce ba zai ba mai tuƙa inji abin da zai sa shi layi da safe ba. Ya daɗe yana mini tambayoyi, daga ƙarshe ya ce, "Malam, kai fa ka zama mai gadin barcinka. Dare da rana kana tsaye bakin ƙofa da sanda, ta ina zai shigo?" Ya ce hankalina ne ya saba komawa wuri guda, kuma ana iya koya masa fita waje. Wai da rana, ba a kan gado ba, in zauna in zaɓi sauti ɗaya in bi shi, in sake shi in kama wani. In fargabar dare ta zo, kada in yi kokawa da ita, in koma kan sautin kawai. Waya kuma ta riƙa kwana a falo.

Da na faɗa wa matata, cewa ta yi ashe har asibiti na je don a ce mini in saurari tantabaru. Ni ma haushin nake ji. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Lokacin hutun rana sai in raɓe a inuwar bangon sito, in kama ƙarar babbar fanka, in koma kan hirar ma'aikata 'yan Bangaladash, in tsallaka zuwa tirelar da ke nishi a bakin titi. Kwanakin farko ko numfashi uku ba na yi hankalina ya kubce ya koma kan daren da ke tafe. In jawo shi, ya sake kubcewa. Sau da yawa na tashi da niyyar ba zan ƙara ba, washegari tsoro ya sake zaunar da ni.

A hankali ya fara tsayawa inda na ajiye shi. Barcin ya ɗan gyaru, wata rana ya zo, wata rana ya ƙi. Daren gwajin kuwa ƙememe ya ƙi zuwa.

Na isa sito na riga na sallama cewa tawa ta ƙare. Mudir ya tsaya ya harɗe hannu ya ce, "Yalla," wato in fara. Na hau foklif, wata murya a cikina tana ta cewa ba ka yi barci ba, yau za ka kashe mutum. Ban musa mata ba. Na kama ƙarar injin, na koma kan ƙugin sarƙa tana ɗaga kaya, na koma kan takun wanda ke wucewa ta hagu. Na ɗauka, na juya, na ajiye. Na sake. Can mudir ya ɗaga mini hannu ya juya ofis, bai ce in sauka ba.

Da yamma a motar ma'aikata na jingina kai da taga, ba da niyyar komai ba. Direba ne ya tashe ni a tasha ta ƙarshe, mun wuce unguwarmu da nisa. Na sauka na tsaya a gefen titi, hawaye suka zubo mini.

Har yau akwai daren da nake kwana ido biyu, amma na daina tsoronsa. Na koyi cewa rashin barcin bai taɓa kusa raba ni da abincin 'ya'yana ba. Gadin barcin da na yi ne ya kusa.