Sannu-Sannu Mai Goge Gilashin Kifi

Duk wanda ya taɓa sayen kifin ado a shagon da ke ƙarshen layin masu katako ya ga mutumin, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. A can ƙurya yake zama, bayan jerin akwatunan gilashi, inda ƙasa ba ta bushewa, kan wata gajeriyar kujera, hannayensa sun yi fari-fari sun yamutse saboda ruwa. Sannu-Sannu ake ce masa. Yayansa ne ya laƙaba masa sunan tun suna yara, don ko tafiya yake yi sai ka rantse ƙwai ya ɗauko a ka, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na ainihi.

Ubansu mai yankan gilashin taga ne. Da ya rasu, Yaya ya karɓi makullin shago ya mayar da shi na kifi, ƙanen ya gaji kujerar. Ba a taɓa zama an yi rabo ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Aikinsa guda ne, cire kwarzane daga gilashin akwatin kifi. Mutane sukan sayi akwati yana ɗaukar ido, su kai gida, gansakuka ta fito, su ɗauki maganaɗisun gogewa su yi ta ja sama da ƙasa, ba su san ƙwayar yashi ta maƙale a ƙarƙashinsa ba. Kafin su farga gilashi ya koma kamar kyanwa ta wasa farce a kai. Sai a kwashe kifin a bokiti, a tsiyaye ruwa, a kawo masa. Yakan fara da haska tocila ta gefe, sannan ya ja farcen babban yatsansa a kan zanen. In farcen ya tsaya, ya ce wannan ya yi zurfi, a juya gefen ya kalli bango kawai. In ya wuce sumul, to nasa ne. Ya zagaye wurin da tef ta baya, ya kwaɓa wata hoda mai launin bulo da ruwa har ta yi kaurin madara, ya shafa a faifan ulu da ke bakin injin hannu, ya shiga zagayawa. Ba a dannawa, ba a tsayawa wuri ɗaya, ba a barin wurin ya bushe. Jifa-jifa ya ɗora bayan hannunsa ya ji, in ya ɗauki zafi ya ajiye inji ya jira, don gilashi in ya fusata tsagewa yake yi. Mai gaggawa kuwa zai cire zanen ya bar loɓawa, kifi in ya zo wucewa ta wurin sai ya kumbura kamar an hura masa iska. Bayan haka wanki, a ɗauraye a sake ɗaurayewa, don hodar ba abincin kifi ba ce.

Yaya mutum ne mai baki, ya iya sa mai saye dariya, kuma ƙanensa ne abin dariyar. In mata sun shigo da yara yakan nuna ƙurya da leɓe ya ce ga kunkurun shagon can, duk halittar da ke nan ta sayarwa ce, shi kaɗai ne har yau ba a taya ba. Sai a kwashe da dariya. Sannu-Sannu ma yakan yi, kansa a sunkuye, inji na ta kuka a hannunsa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba, matarsa. Tela ce, mai surutu kamar rediyo, ta haifa masa 'ya ɗaya tilo, kuma Baban yarinya take ce masa. Ita ce ke masa faɗan da shi ba ya iya yi wa kansa, tana taka keken ɗinki tana zagin Yaya da danginsa kaf, shi yana gefe yana cewa ta yi haƙuri. Ba a daɗe da aurar da 'yar ba matar ta faɗi a gaban keken. Da aka sallamo ta daga asibiti rabin jikinta ya shanye, bakin nan da ba ya hutawa ya karkace, magana ta tafi. Gadonta yana kallon bango, bangon kuwa ba komai a jikinsa sai ƙusa. Shi yana fita tun safe, maƙwabciya ce ke leƙo ta.

A lokacin akwai wani dogon akwati yashe a bayan shago, wani otal ya dawo da shi duk ya kwarzane kamar an ja shi a titi. Sannu-Sannu ya daɗe yana zagaye maganar kafin ya roƙa. Yaya ya ce ya ɗauka, ya yi kejin kaji da shi in ya ga dama.

Watanni ya yi a kansa, duk ranar hutu, a tsakar ɗaki, matar tana binsa da ido. Fuska ɗaya bayan ɗaya gilashin ya washe, har ya zama in ba ka taɓa ba ba za ka san akwai shi ba. Ya gyara wani tsohon injin hura wa ruwa iska, ya kwaso kifayen da shago ya ƙi, mai yagaggiyar wutsiya, mai ido ɗaya, da wani ɗan rawaya mai karkataccen baya da ke iyo a gicciye. Ya kafa akwatin daidai inda idonta ke sauka. Ɗan rawayan nan in ya zo wucewa takan yi wani sauti a maƙogwaro, da kyar ya gane dariya ce. Yakan dawo daga aiki ya tarar da ita ta ci abinci, ya zauna bakin gado yana ba ta labarin kifayen kamar 'yan unguwa ne, wane ya kori wane, wance ba ta da kunya.

Sai Yaya ya zo dubiya. Ya yi wa marar lafiya sannu daga bakin ƙofa, idonsa na kan akwatin. Ya matsa, ya ƙwanƙwasa da zobe, ya durƙusa ya leƙa ta gefe, ya ce lalle aiki ya yi kyau. Sannu-Sannu har ya ji daɗi, don bai saba jin haka daga bakinsa ba.

Mako bai cika ba Yaya ya dawo da mota da masu dako. Wani likitan haƙori ne ke buɗe sabon wuri, yana son dogon akwati a ɗakin jira.

"Yaya, ai ka ba ni."

"Aro na ba ka. Hodar wa ka gyara shi da ita? Injin wa?"

"Shi take kallo, Yaya."

"Ka saya mata talabijin."

Sannu-Sannu ya nufi akwatin. Shi ya zuƙi tiyo ya tsiyaye ruwan, shi ya kwashe kifin ya zuba a bahon wanki a ƙasa, inda ba ta iya hangowa daga gado. Da ya ga yadda masu dakon suka cakumi akwatin, ya tabbata za su fasa shi a bakin ƙofa, sai ya ce su tsaya, ya kama kusurwa ɗaya da kansa yana nuna musu yadda za su karkata. Suna fita ya waiwaya. Ta damƙe ƙarfen gado da hannunta mai lafiya, tana kallonsa shi, ba Yaya ba. Ya san abin da za ta ce da bakin na nan.

Injin iskar ma an tafi da shi, kifin ba su daɗe a baho ba. Daga ranar in ya kawo mata cokali sai ta kau da kai, sai maƙwabciya ta zo take karɓa. Ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Akwatin kuwa, Sannu-Sannu Yaya ya ɗora wa kula da shi, duk ƙarshen wata ya je wurin likitan haƙori ya goge, ya canza ruwa, masu kumburarren kunci suna zaune suna yaba kyan gilashin.

Shekaru suka tura. Ciwon suga ya kwantar da Yaya, ya ɗauke shi, babban ɗansa ya hau kujerar. Manaja ake ce masa. Shi ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, Baffa yake ce wa Sannu-Sannu har da rusunawa. Amma ya lissafa ya ga sayar da sabon akwati ya fi gyaran tsoho riba, ƙuryar kuma yana son ya jera abincin kifi. Matsalar ita ce ba a korar ƙanen uba haka kawai, dangi za su yi ca.

Manaja ya lura da abin da tsohon ke ɓoyewa. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, duniya ta zama kamar ana kallonta ta ruwan wanki. Yakan lalubi tocila a gabansa, ya gaishe da mai karɓar kuɗi da sunan direba. Aiki dai yana yi, da hannu da kunne da sabo.

Wata safiya Manaja ya sa aka ɗora akwati a teburinsa.

"Baffa, ku zo ku duba mana. Wani siririn kwarzane ne, daga nan zuwa nan."

Ya haska tocila, hazo kawai ya gani. Ya ja farce, ya wuce sumul, amma ai ƙaramin kwarzane dama ba ya tsayar da farce. Ya ji direba da mai karɓar kuɗi sun matso. In ya ce bai gani ba, ya faɗi da bakinsa ke nan cewa ido ya tafi.

"Na gan shi," ya ce. "Ba shi da zurfi."

Ya manna tef, ya kwaɓa hoda, ya kunna inji. In ya tsaya ya goge ya tambaya, Manaja ya leƙo ya ce saura kaɗan Baffa, ga shi nan a tsakiya. Mai karɓar kuɗi ta fita waje da gudu tana tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Kafin tsakar rana ya gane. Gam ɗin kusurwa yana warin sabunta, har da ɓurɓushin kwali a gindin akwatin, gilashin nan bai taɓa ganin ruwa ba balle yashi. Ya kashe inji, ya zauna da shi a cinya. Ya nemi maganar da zai faɗa ya rasa, don duk wadda ya ɗauko sai ya ga tana ƙarewa da cewa ya yi ƙarya tun farko. Sai ya jiƙa faifan ya ci gaba. Da yamma Manaja ya cika akwatin da ruwa, ya jefa kifi ɗaya. Kifin yana zuwa tsakiya ya kumbura ya zama dodo.

Ashe duk wunin direba yana ɗauka a waya. Manaja ya tura wa dangi, da rubutu mai taushi a ƙasa, cewa Baffa ya yi wa gidan nan hidima, bai kamata a bar shi yana wahala haka ba. Gwaggonni suka yi ta sa masa albarka, suna cewa yaron ya fi ubansa tausayi. Aka haɗa wa tsohon kayansa a leda, ban da injin, na shago ne. Shagon bai girgiza ba, ciniki ma ƙaruwa ya yi.

'Yarsa ta ɗauke shi. Mijinta ma'aikacin ofis ne, gidansu bene, aka gyara masa ɗakin ajiya kusa da kicin. Abin da ya riƙe shi a wannan zama muryarta ce. Baba sannu, Baba ka ci abinci, Baba ko in ƙaro maka ruwa, murya mai sanyi kamar ta uwarta in tana cikin daɗin rai. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya faɗa masa cewa ya rasa komai amma Allah ya bar masa 'ya.

Da ya fasa kofuna ya kuma ture fitilar falo, surukin ya ce gara a kai shi a cire yanar. Aka yi ido ɗaya, aka ce ɗayan sai ya warke. Ranar da aka kwance bandejin ya dawo gida yana kallon komai kamar baƙo, layin tayil, ƙudan da ke jikin labule, jijiyoyin hannunsa. Ya zauna bakin katifa ƙofa a buɗe, yana jira ya ga fuskar 'yarsa sosai a cikin gidanta.

Ta shigo da tire.

"Baba sannu, ga abincinka."

Muryar ita ce. Fuskar kuwa a yatsine take, hanci a ɗage, tana riƙe numfashi kamar mai shiga banɗakin tasha. Ta dire tiren da yatsu biyu, ta juya ta harari silin, ta yi wa mijinta alamar ta gaji. Shi kuma yana tsaye a falo, ya miƙa hannaye gaba yana kwaikwayon laluben tsohon, yana jan ƙafa. Ta danne dariya da bayan hannu. Ba mugunta ta ranar ba ce, sabo ne, sun saba har sun manta yau yana gani.

Da ta juyo idonsu ya haɗu. Ta ɗan tsaya. Shi ya fara sauke nasa kan tiren, ya ce ya gode, Allah ya yi albarka.

Da lokacin aikin ɗaya idon ya zo, ya ce a bar shi, guda ya ishe shi. Surukin bai matsa ba. Har yanzu yana nan a ɗakin da ke kusa da kicin, yakan fito bakin get da hantsi ya sha rana. In ya ji takun 'yarsa tana tahowa sai ya sunkuyar da kai, ya saurara.