Malama Buɗe-Mu-Gani Ta Riga Mu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ina kwance ƙarƙashin motata ina ɗaure salansa da waya, wani abokina direba ya leƙo ya ce an kashe ki a tasha. Na zabura na miƙe, na manta akwai mota a kaina. Har yanzu ɗinkin goshina zugi yake. Uwar 'ya'yana ta ce da ma ƙarfe kaɗai ke iya shigar da magana cikin wannan kan.

Ba ta san ki ba ne, Malama.

Ranar da na fara ganinki, da fanbel ɗin mota a hannu na shigo jami'a. An tsinci ɗana a banɗakin ɗalibai, kumfa a baki, ya datse harshe, kwalaben maganin tari a gefensa. Na zo in ƙarasa abin da ƙwaya ta fara. Ina ɗaga hannu kika shiga tsakani, dukan ya sauka a damtsenki, fata ta tsage. Kika dubi jinin, kika dube ni.

"Baban yaro, ka gama? To a but ɗin motocinku kayan nan ke tsallako iyaka, cikin kwalin da aka rubuta wa littattafai."

Na ce, "Malama, mu saƙo muke kaiwa, ba karatu muke ba."

Kika ce, "Ba karantawa na ce ku yi ba. Ku buɗe."

Daga nan ba ki zauna ba. Kin haɗa malaman makarantun wannan ɓangare da na tsallaken iyaka, har dillalin ƙwayar da aka kora a can kafin ya sauke jaka a nan an san fuskarsa. Kin bi mu tasha-tasha, ƙasa-ƙasa, sai da direbobi suka yarda ba a ɗora kwalin ɗalibi sai an yanka shi gaban mai shi. Mu muka laƙaba miki Buɗe-Mu-Gani don tsokana, kika karɓe sunan kamar sarauta. Ɗana kuwa, da hannunki kike ba shi abinci lokacin da karkarwa ta hana shi riƙe cokali. Bana zai gama jami'a.

An ce kwali kika sa a buɗe. Mutum biyu suka fito daga bayan rumfar tikiti, ɗaya ya riƙe ki, ɗaya ya soka wuƙa a wuya da ciki. Ƙwayoyin suka warwatse cikin jininki, tasha cike da maza, kowa ya ga ta kansa. Tun ranar ba a sake yanka kwali ba. Ni ma an farke min tayoyi, an bar wuƙar da aka farke su da ita a kan kujera, wai in yi hankali. Ina na ga hankalin?

Allah Ya jiƙan ki, Ya karɓi shahadarki, Ya haskaka makwancinki. Ya ba maigidanki da 'ya'yanki da mahaifiyarki haƙurin da babu mai bayarwa sai Shi. Waɗanda suka yi, Allah Ya tona su da rana tsaka.

Kin sha roƙona in tsaya gaban taron direbobi da shugabannin makarantu na tsallaken iyaka in yi magana, ina zillewa, wai aji huɗu na tsaya. Taron jibi ne. Zan je. Kuma kafin in tayar da mota, duk kwalin da aka miƙo min, da wuƙar da suka bar min zan yanka shi.