Malam Mordecai da Allurar Mai

Duk wanda ya daɗe a Samaru ya san Malam Mordecai. Ko bai san sunan ba, ya san dogon mutumin nan mai malafa da ke bin hanyar gona da sassafe in an kwana ana ruwa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi har ya yi ritaya: auna ruwan sama a gonar gwaji. Akwai wani gwangwani mai mazurari a tsakiyar fili, shi zai je ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane-zane, ya durƙusa ya daidaita idonsa da bakin ruwan, sannan ya yarda an yi ruwa. Ko kwata ta cika ta malalo kan titi, in ka ce masa jiya an sha ruwa, sai ya ce, "Bari dai in je in gani."

Da wannan halin ya auri Martina, malamar firamare, kuma da shi ya riƙe tsohuwar a-kori-kurarsa shekara da shekaru. Allurar man motar ta mutu tun ranar da ya saye ta, tana kwance a ƙasa ba ta motsi. Bai taɓa gyara ta ba. Wata sandar gora ya samu, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa. Kafin ya tayar da mota sai ya buɗe tanki ya zura sandar, ya zaro, ya duba inda mai ya jiƙa. Har 'ya'yansa suka girma ba su san akwai wata hanyar sanin mai ba.

Da motar ta gaji ƙarshen gajiya, babbar 'yarsa Christabel, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta haɗa kai da mijinta suka aiko masa da jif ɗinsu. Baƙa ce, ƙatuwa, sai an taka matakala ake shiga. Ranar da ta iso, unguwa ta fito kallo. Malam Mordecai ya zagaya ta, ya yi addu'ar godiya, sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko sandarsa. Sandar ta shiga ɗan kaɗan ta cije. Ya juya ta, ya lanƙwasa, ta ƙi wucewa.

Ya kira Christabel a waya. "Motar nan taku an toshe mata maƙogwaro."

"Baba, ai ba a zura mata sanda. Ka duba allura, tana aiki. In mai ya yi ƙasa ma fitila za ta kama ta gaya maka."

"Wa ya gaya wa fitilar?" in ji shi.

Daga nan ya sa wa allurar ido kamar wanda aka ba ajiyar ɗan maƙwabci marar ji. Kuma ya kama ta da laifi. In an cika tanki, sai ta maƙale a sama kwana da kwanaki, a je coci, a je gona Bomo, a dawo, ba ta gusa ba. Amma da zarar ta sauko rabi, sai ta gangara kamar an biyo ta. Ya ce wa matarsa ko a wurin aiki ya san irin mutanen nan, masu nawa da safe da gaggawar tashi da yamma.

Babban abin ya faru ranar da fitilar ta fara kamawa. Ya riga ya karanta a littafin motar cewa tankin na cin lita casa'in da wani abu. Ya shiga gidan mai a Palladan ya ce a cika. Famfo ya tsaya a saba'in da 'yan kai.

"Ci gaba, 'yata," ya ce wa mai zuba man, wata yarinya da ake kira Oby.

"Ya cika, Baba."

"Bai cika ba. Saura kusan ashirin."

Oby ta ƙara matsawa har mai ya fara tofowa a kan takalminta. Ta dube shi ta ce tun da ta fara aikin nan ana zarginta da cewa ta rubuta abin da ba ta zuba ba, yau ne aka fara yi mata faɗa don ta ƙi sayarwa da yawa.

Bai koma gida ba, sai ya wuce Sabon Gari wurin Emenike, bakaniken da ya yi ta jinyar tsohuwar motar. A Sabon Gari aka haifi Emenike, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Tudun Wada. Ya saurari ƙarar duka yana goge hannu, sannan ya yi bayani. Ya ce tankin ba kamar bokiti yake ba, yana da lungu da tudu, shi ya sa allurar ba ta sauka daidai wa daida. Masu ƙera motar kuma da gangan suke kunna fitila tun da sauran mai, don mutum ya samu ya kai gidan mai. Sannan cikin ragowar akwai wanda famfon man da ke cikin tankin ba ya iya zuƙowa, musamman in mota ta karkace, kuma barin tanki ya bushe yana ƙona famfon.

Cikin maganar nan duka, guda ɗaya Malam Mordecai ya ɗauko ya kawo gida.

"Maman Christabel," ya ce tun daga ƙofa, "ashe ɓoye mana mai take yi. In ta ce babu, akwai kusan jarka guda a ƙasa."

Tun daga ranar ya daina jin tsoron fitilar. In ta kama, har murmushi yake yi mata. Ya riƙa yi wa maƙwabta bayani a bakin shagon mai shayi, yana zana tanki a ƙasa da tsinke. Mama Martina ta yi magana har ta gaji, sai ta koma yin addu'a a hankali duk sanda suka wuce gidan mai bai tsaya ba.

Ana nan sai zumuntar matan cocinsu ta samu gayyatar taro a Sabon Gari wata Asabar. Bas ɗin da suka yi shata ta cika, aka rage manyan iyaye mata, aka ce su bi Baba. Suka shiga da ankonsu, da ganga, da tulun kiɗa, da kulolin shinkafa. Fitila kuwa tun ranar Laraba take kunne. Mama Martina na gaba, ta nuna masa da haɓa.

"Na gan ta," ya ce. "Ita ma ta gan ni."

Sun wuce Palladan lafiya. Kafin Kwangila ya sauka gefen titi don ɗaukar wata mata da ke jiransu. Gefen kuwa gangare ne, motar ta kwanta ta dama. Matar tana shiga, injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya murɗa makulli, ta yi gurnani ta ƙi.

Ya fita kamar zai duba taya, ya kira Emenike yana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, a karkace take?" in ji Emenike. "To, man ya gudu gefe guda. Ku miƙar da ita, in da rabo ta tashi. Amma daga nan sai gidan mai fa."

Ya dawo ya leƙa ta taga, ya cire malafa. "Iyayena, ku yi haƙuri. Duk ku dawo hagu."

Haka manyan mata, waɗanda wasunsu jikokinsu na jami'a, suka fito suka jeru a kan matakalar hagu, suka riƙe ƙarfen rufin mota. Uwar zumunta, mace mai jiki da murya, ita ta riƙa ba da umarni, suna lilo gaba ɗaya motar na rangaji. 'Yan acaɓa suka tsaya kallo. A murɗawa ta uku injin ya kama.

Da ya tsaya a nan, da ya fita da mutuncinsa. Amma suna hawa titi ya dubi matarsa ya ce, "Kin gani? Na ce akwai mai." Kuma da suka iso gidan mai na farko ya ga layi, sai ya ce a bari sai na gaba, kada a makara.

Ana hango allon gidan mai na gaban motar ta sake mutuwa, wannan karon a kan shimfiɗaɗɗen titi, babu gefen da za a karkata. Uwar zumunta ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce tunda dai an fito yabon Ubangiji, a fara daga nan. Ɗaya ta rataya ganga, sauran suka dafa bayan jif, suka tura ta suna waƙa da amshi har bakin famfo. Shi kuwa yana riƙe da sitiyari yana kallon gabansa, bai waiga ko sau ɗaya ba.

Tankin ya sha tamanin da wani abu. Malam Mordecai ya buɗe baki zai ce har yanzu da saura a ciki, Mama Martina ta dube shi, ya mayar da maganar.

Sun isa taro an riga an fara. Da aka zo gabatar da baƙi, uwar zumunta ta gode wa Baba a gaban jama'a, ta ce ya kawo su rabin hanya, su kuma sun kawo shi rabi.

Satin da ya biyo baya Mama Martina ta samu wani direban makarantarsu ta dā, ya riƙa koya mata tuƙi a filin ƙwallo da yamma. Tana da shekara sittin da 'yan kai, ta sa matashi biyu a kujera don ta hango gaba. Yanzu ita ke jan jif ɗin, a hankali, hannu biyu a sitiyari, kuma allura na taɓa rabi take sa sigina ta shiga gidan mai. Malam Mordecai na zaune a gefenta yana gunaguni cewa nauyin banza suke yawo da shi. In ya cika magana, sai ta ce ya sauka ya duba mata baya za ta yi ribas. Yakan sauka kuwa, ya tsaya yana ɗaga hannu da muhimmanci, har ya tsayar da masu keke don Madam ta wuce.