Katifar da Inna ta jingine a bango

Wata rana wata maƙwabciyata, Rahanatu, ta kira mahaifiyarta a Malumfashi, ta ji muryarta ba daɗi.

Ciwon baya ne ya tasar wa Inna.

Rahanatu tana aure a nan Fatakwal, hanya da nisa, ga yara ga aiki. Sai ta shiga wani zauren mata a Facebook ta rubuta: "Don Allah wace katifa ce ta fi dacewa da mai ciwon baya?"

Kafin la'asar amsoshi sun cika waya.

Kusan bakinsu ɗaya. Wata katifa ce mai kauri, mai laushi kamar audugar rimi. Wannan ta ce tun da ta saya ta manta da ciwo. Waccan ta turo hoton ɗakinta. Wata ma cewa ta yi, "Ki rufe ido ki saya, za ki dawo ki yi min addu'a."

Ta rufe ido ta saya. Aka ɗora a mota har ƙofar gidan Inna.

Duk lokacin da ta kira ta tambaya, amsar ɗaya ce: "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Katifa ta yi kyau."

Sai da hutun makaranta ya zo ta je gida.

Tana shiga ɗaki ta ga katifar a jingine da bango, an lulluɓe ta da zani. Inna kuwa tana kan tabarma, ta ninka tsohon bargo ta shimfiɗa.

Ashe in ta kwanta a kan katifar nutsewa take yi. Gwiwoyi sun yi rauni, hannu ba ƙarfi, ba ta iya miƙewa ita kaɗai. Akwai ranar da ta ji kiran sallar asuba sarai, ta yi ta kokawar tashi, har gari ya waye tana nan. Ranar ta sa aka ɗage mata ita.

Rahanatu ta zauna a bakin tabarmar.

"Inna, wallahi sai da na tambaya. Kowa ita ya yaba."

Inna ta yi murmushi ta ce, "Na sani. Kin tambayi duk duniya. Ni da zan kwanta a kai ce ba ki tambaya ba."

Ba faɗa a ciki. Shi ya sa maganar ta fi shiga.

Washegari suka hau Keke Napep zuwa kasuwa tare. Inna ta zauna a kan wannan katifa, ta gwada tashi. Ta koma waccan, ta girgiza kai. Can ta samu wata mai tauri, ko kyan gani ba ta da shi, ta dafa ta miƙe tsaf ba wanda ya riƙe ta.

Ta kalli 'yarta tana dariya kamar yarinya.

"Wannan ce tawa."

Darasi:

Matan zauren nan ba ƙarya suka yi ba. Kowace da bayanta ta yi magana. Shawarar jama'a tana da amfani, tana nuna maka inda za ka fara dubawa, tana kuma tsare ka daga jabun kaya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Iyayenmu kuma da kawaici. "Na gode" ɗinsu ba kullum take nufin "ya yi min" ba.

Kafin ka tambayi baƙi, tambayi mai abin.

Tura wa ɗan'uwanka da ke nesa da gida. Wataƙila akwai wata Inna da ke kan tabarma, ta yi shiru.