Kirarin Tari-Ɗaya a Birnin Riyad

Mun tashi da asuba daga Ningi, ni da ƙanena, motar haya tana ta jijjiga mu har Kano. Tafiyar nan ba ta yawon ido ba ce. Bindigar marigayi maigidana ce ta tashe ni, bindigar toka da muke kira Tari-Ɗaya. Hukuma ta ce ko magaji ya karɓi lasisinta da sunansa, ko a miƙa ta. Magajin kuwa, ɗana na fari da ke aikin injiniya a Riyad, sai ya aiko da kaset wai a miƙa, zamaninta ya wuce. Ni 'yar maharba, matar maharbi? Na ce sai na ji daga bakinsa, ido cikin ido.

Jirgi bai ba ni tsoro ba, abincinsa ne ya ba ni tausayi. Muka sauka Jidda, muka yi Umra, sannan muka kama hanyar Riyad a bas. Jama'a, titi shimfiɗe kamar tabarma, ba rami ko ɗaya, amma ba bishiyar da zomo zai laɓe. Na ce wa ƙanena maharbin ƙasar nan da yunwa zai kwana.

A wani shinge na fara ganin bindigogin sojansu. Gajeru, rabin jikin roba, gidan harsashin ma a bayan kunama yake, kamar an goya ɗa a gaba. Na ƙura ido har ƙanena ya taɓa ni.

Yaron nan yana zaune a unguwar Ulaisha, shi da matarsa. Ruwa a bango, sanyi a bango, goro kuwa tsada kamar maganin haihuwa. Ashe hotunan irin bindigogin nan ya tara a mujallu. Ya zaunar da ni yana nuna mini: wannan ba ta tsatsa, wannan ba ta da nauyi, akwai kuma ƙanwarta da ake sayar wa farar hula a wasu ƙasashe, mai fita ɗaya-ɗaya. A nan dai mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, ko kusa ba ya mallaka.

"Inna, wannan ce bindiga. Waccan ai bututu ne."

"Bututun ne ya kai ka makaranta. Wannan kuma me za ka harba da ita, firji?"

Ya yi dariya, amma bai sauka daga maganarsa ba. Na ƙyale shi. Ba a ja da ɗan fari a gaban matarsa.

Suka zaga da ni kasuwar Dira, gindin tsohuwar ganuwar Masmak, ginin laka kamar namu. Na sha ƙamshin turare, na ci shinkafar kabsa har na manta da tuwo na yini guda.

Ranar Juma'a mai gidan da suke haya, wani Balarabe, ya gayyace mu cin abinci. Maza suka yi falonsu, mu muka shiga wajen mata. Ina zama sai idona ya faɗa kan bango: doguwar bindigar toka, an ɗaure ta da azurfa. Tsohuwar gidan, mahaifiyar mai gidan, ta ga inda nake kallo, ta dafa ƙirji. Surukata ta fassara mini: ta mijinta ce, ya rasu, jikokinta sojoji ne amma ba mai taɓa wannan.

To, a gidanmu ba a ganin bindigar mamaci a wuce ta haka, sai an yi mata kirari. Na manta ƙasar mutane nake, inda mace ba ta ɗaga murya. Na miƙe, kofin gahawa a hannu. Tasu ban san sunanta ba, sai na ba ta na tamu:

"Tari ɗaya, dawa ta yi tsit! Baƙar uwa mai cika tukunya! Ba ki fita don fushi, sai don yunwar yara!"

Na rangaɗa guɗa. Surukata ta kusa nutsewa ƙasa. Sai tsohuwar nan ta kama hannuna, ita ma ta saki tata guɗar.

Ashe maza sun ji. Surukata ce ta ba ni labari daga baya: mai gidan ya tambayi yaron me uwarsa ke faɗa. Ya fara fassarawa, ya kai kan yunwar yara, murya ta ƙi. Mutumin ya ce, "Bindigar tana ina yanzu?" Yaron ya ce, "Tana gida. Tawa ce."

A mota, da muka kusa gida, sai yaron ya ce:

"Inna, kada a miƙa. Da hutu zan zo."

"Na ji," na ce, ina kallon taga, don kada ya ga fuskata.

Mun dawo Ningi lafiya, da dabino da zamzam. Na sauko da Tari-Ɗaya na shafe ta da man gyaɗa. Sababbin can ban raina su ba, aikin soja ne, Allah ya sa kada su tashi a kan kowa. Abin da na koyo shi ne, gardama ba ta juyo da ɗa. Na ƙetare teku da hujjoji cike da baki, ba ɗaya da ta yi aiki. Kirarin da ya ji tun yana goye, shi ya kira shi, ya kuwa amsa.