Gawon Bakin Tafki

A shekarun farin da suka cinye mana shanu, abu ɗaya ne bai ƙare ba a gidanmu da ke gefen Kurawa, wato tatsuniyar Kaka Hajo. Da an sallame isha'i sai mu kewaye wuta, cikinmu rabi tuwo rabi iska, ita kuwa ta miƙe ƙafa ta ce ga ta nan, mu ce ta zo mu ji.

Ta gauraka ta fi so. Wai wata shekara ruwa ya ƙafe ko'ina, tafki ɗaya ya rage. Tsuntsayen gabas da yamma suka taru, suka ce wannan tafki na duniya ne duka, suka ba mutanen bakinsa amana: ku sha, amma kada ku sare itacen da muke kwana a kai. Nan Kaka za ta ɗaga wuya ta yi kukan gauraka, mu yi ta dariya har mu manta da yunwa. Mun san tafkin bayan garinmu take nufi.

Rannan tana tsakiyar labari sai ta fara shinshina hayaƙi. Ta dubi babanmu.

"Umaru, wanga icce daga ina yaf fito?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, kowa na sara. Awaki sun canye ganyen, iccen kau mi za a yi da shi?"

"Gawon bakin tabki na. Na san ƙamshinai."

Ta janye ƙafarta daga wutar. Mu dai muka ci gaba da jin ɗuminmu. Ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, ba ta kuma sake yin ta ba har ta rasu.

Bara muna sauraren rediyo da 'yata Safiya, aka ce ƙasashen duniya sun haɗa hannu suna tsare wasu dazuka da tafkuna, har da duwatsun Ayar a Nijar, don gadon kowa ne. Ashe tsohuwar nan ta riga su.

"Baba, namu na ciki?"

Na ɗauke ta a babur muka je bakin tafkin, ina ba ta tatsuniyar Kaka a hanya. Rairayi ne da kututture. Kunya ta rufe ni, don da hannunmu muka ƙona amanar.

Safiya ta ce, "To ƙaƙa gauraka ka kuka?"

Na ɗaga wuya kamar Kaka, na gwada. Safiya ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana duban sama, tana jiran wani tsuntsu ya amsa.